Yadda ake haɗa robar PP da garin taya, kaya su jure zafi ba su bankare ba

Tambayar yadda ake haɗa PP, wato robar kujera da bokiti, da garin taya ta yi ta maimaituwa a nan Jos, daga masu ƙananan injina a Bukuru, da na Farin Gada, har da wasu samari da suka taso daga Abuja musamman don su ga yadda muke matsa tayil ɗin daɓe. Kowa da irin kukansa, amma idan ka tace su guda uku ne: kaya na fitowa da warin ƙuna, ko su fito lafiya bayan wata biyu su bankare, ko su riƙa fashewa kamar tangaran da zarar sanyi ya shigo. Duk ukun tushensu ɗaya. Yawancinmu muna zuba ido a kan narkewa, da robar ta yi ruwa sai mu ce aiki ya yi. Alhali ƙarfin kaya a wuri biyu ake yanke shi, wato tsawon zaman da ta yi a cikin zafi, da kuma yadda ta huce.

Wata shekara a watan Disamba na matsa wa wani dattijo tayil na tsakar gida. Muna cirowa daga mol, wato ƙarfen da ake matsa robar a ciki ta ɗauki siffa, muna jefawa cikin duron ruwan da ya kwana a waje, ruwan da ko hannu ba ka iya barinsa a ciki. Suka fito santsi, miƙaƙƙu, har na yi murna. Da ranar Maris ta buɗe sai ga shi da tayil biyu a leda, gefensu ya ɗaga kamar soyayyen dankali. Ya ce, "Malam, wannan ai ba abin da muka yi da kai ba ke nan." Na ce, "Gaskiya ne Baba, a ba ni mako biyu." Na sake masa aikin daga aljihuna, kuma daga ranar na soma rubuta lamba.

Da yake a Hausa duk roba muke cewa, bari mu raba su tun yanzu. Idan na ce roba, ina nufin mai narkewa, irin ta kujera da bokiti da buhu. Idan na ce garin taya, ina nufin tsohuwar tayar mota da aka niƙa, wadda ba ta narkewa ko kaɗan.

1. Tanadi kayan awo kafin kayan aiki

Injin niƙa, injin narkawa mai sukuru a ciki, injin matsa da mol, waɗannan na ɗauka kana da su. Abin da ke ƙaranci a rumfunanmu ƙananan kaya ne masu araha:

sikeli babba, da ƙarami mai auna giram. Ma'aunin zafi mai waya da ake cusawa cikin narkakkiyar roba, nau'in K. Ma'aunin kauri na dijital. Rariya mai lamba 30 ko 40. Maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ya wadatar. Tandar lantarki da za a iya saita zafinta. Safar hannu ta fata da takunkumi. Sai littafi da biro.

Gargaɗi: bindigar auna zafi da ake haskawa daga nesa tana yin ƙarya a kan ƙarfe mai sheƙi, takan nuna ƙasa da gaskiya. Idan da ita za ka auna mol, shafa ɗan baƙin fenti a wuri ɗaya, nan za ka riƙa haskawa kullum.

2. Tantance robar

Nan ne rabin aikin. 'Yan jari bola buhu ɗaya suke kawo maka, kuma kowace roba da zafin da take narkewa. Duba gindin kayan, akwai lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 5 ita ce PP, ta kujeru da bokitai da buhun saƙa, tana narkewa tsakanin digiri 160 zuwa 165 a ma'aunin Salshiyas. Lamba 2, HDPE, ta jarkoki, wajen 130 zuwa 135. Lamba 4, LDPE, ta ledoji, 105 zuwa 115. Lamba 1, PET, gorar ruwa da lemo, sai ta kai wajen 250. Lamba 3 kuma PVC ce, ta bututun ruwa da rigar wayar lantarki, ita ce babbar abokiyar gaba.

Wanda ba shi da lamba, niƙa shi ka zuba a ruwa. PP da HDPE da LDPE suna tasowa sama domin sun fi ruwa rashin nauyi. PET da PVC da lamba 6 suna nutsewa. Kwashe na sama, ka ware na ƙasa.

Idan kana zargin PVC, ɗauki wayar jan ƙarfe ka ƙona bakinta a wutar gas har harshen ya daina canza launi, ka dangwala a jikin robar, ka mayar cikin wutar. Ya yi kore shar, akwai kulorin, jefa ta gefe. A waje ake wannan gwajin.

Gargaɗi: ɗan guntun PVC a cikin buhu yana iya ɓata maka tukunya guda. A zafin da PP ke bukata, ita tuni ta fara ruɓewa tana sakin iska mai asid, mai cin sukuru da mol, mai cin ƙirjin ma'aikaci. PET kuwa ba za ta narke ba sam, za ta toshe rariyar bakin injin, wadda ta wuce kuma ta zama tsakuwa a cikin kaya, daga nan tsagewa ke farawa.

Gargaɗi na biyu: wasu kujeru an cika su da farar hodar kalsiyam har suna nutsewa duk da PP ne. Kada ka zubar, amma ka tara su daban. Jarkar maganin feshi da akwatin batirin mota kuwa, ni ba na karɓa. Gubar ba ta fita da wanki irin namu.

Sauran matsalar ita ce PP da HDPE, tunda duk suna tasowa. A narke kamar sun haɗu, amma ba sa auren juna. Kaɗan ba ya kisa. Idan ta yi yawa za ka ga kaya na ɓarewa falle-falle kamar albasa. Da ido da hannu ake raba su tun kafin niƙa.

3. Gyara garin taya

An riga an dafa taya da farar wuta tun a masana'anta, zaruruwanta, wato siraran sarƙoƙin da ido ba ya gani waɗanda suka yi jikinta, sun ɗaure da juna, shi ya sa ba ta komawa ruwa. A cikin haɗinka zama za ta yi a matsayin ƙwayoyi, robar ta lulluɓe su. Saboda haka girman ƙwayar shi ne komai. Rariya mai lamba 30 tana barin ƙwayar da ba ta wuce milimita 0.6 ba, mai lamba 40 kuma wajen 0.4. Abin da ya fi haka girma, mayar da shi injin niƙa. Babbar ƙwaya rami ce a cikin kaya, ko da ido bai gani ba.

Baza garin a kan tamfol, ka bi shi da maganaɗisu sau biyu, domin taya na da siraran wayoyin ƙarfe. Zaren da ke tashi kamar auduga kuma a sheƙe shi.

Gargaɗi: maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe. Guntun wayar lantarki idan ya shiga, jan ƙarfe yana hanzarta tsufan PP, za ka ga wurin ya yi gari ya fashe kafin sauran jikin. Da ido ake tsince shi.

Gargaɗi: duk abin da garin taya ya shiga, ba na abinci ba ne, ba na ruwan sha ba ne, ba kuma mazubin abincin kaji ba ne. Masu gidan kaji sun yi yawa a Jos kuma suna tambaya. Ka ce musu a'a. Tayil, tabarmar ƙasa, tayar baro, takalmin kujera, nan ne hurumin wannan haɗi.

4. Wanki da shanya

A wanke niƙaƙƙiyar robar da omo, a ɗauraye sau biyu, a shanya. PP ba ta shan ruwa a cikinta, amma yana maƙalewa a lungun ɓarɓashi, garin taya kuma yana riƙe laima. Da damina, musamman Yuli da Agusta, shanyar rana ba ta isa a garin nan. Saka su a tanda a digiri 80 na awa 2 zuwa 3. Da hunturu kuma ƙura ce damuwar, sai a rufe da gidan sauro ko siririn yadi.

Alamar laima: narkakkiyar roba na fitowa tana tartsatsi, da ƙananan kumfa idan ka yanka ta.

5. Awo da haɗi

Kada ka auna da kwano. Garin taya da ɓarɓashin kujera ba nauyinsu ɗaya ba, kuma kwanon yau ba na gobe ba ne. Ga haɗin da nake ba mai farawa, na kilo 20:

PP kilo 16, garin taya kilo 3, sai kilo 1 na mahaɗi. Mahaɗin ɗanyar roba ce mai taushi da ba a dafa ba, irin su EPDM, ita ke tsayawa tsakanin PP da taya kamar dillali, ta riƙe hannun kowa. A kan wannan sai a ƙara giram 40 na maganin tsufa, da giram 200 na hodar talk.

Maganin tsufa shi ne abin da aka fi rainawa. Sabuwar roba, irin wadda ke fitowa daga Eleme kusa da Fatakwal, da maganinta a ciki take zuwa. Kujerar da ta shekara biyar a rana ta cinye nata tuni. Ka narka ta haka tsurarta, iska da zafi su yi ta yanka zaruruwanta. Sunayen da za ka ji a bakin masu sayar da sinadarai su ne Irganox 1010 da Irgafos 168, kuma tare ake haɗa su: na biyun yana kare ta a cikin injin, na farkon yana kare ta har bayan ta fita. Kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin ɗari ya isa.

Giram 40 a cikin kilo 20 ba ya bazuwa da kansa. Fara cuɗa shi da kilo ɗaya na ɓarɓashi tare da cokali guda na farin mai don ya manne, sannan ka juye wannan cikin sauran.

Gargaɗi: saboda arhar taya, zuciya za ta ce ka ƙara. Kowane ƙari yana rage taurin kaya da ƙarfinsu a zafi. Ka wuce kashi 30 cikin ɗari babu isasshen mahaɗi, tayil zai riƙa marmashewa a gefe. Idan za ka ƙara, biyar-biyar, kuma kowanne sai ya bi gwajin da ke mataki na 9.

6. Saita zafin injin

Daga mazurari zuwa baki, a injin mai hita huɗu, fara da 170, 180, 190, 195. Wannan na PP ne. Idan da HDPE kake aiki, sauko da kowanne da kamar digiri 15 zuwa 20. PP zalla tana ɗaukar 230 ba damuwa, amma garin taya ba ya ɗauka. Da ya haura 200 yake fara hayaƙi da warin farar wuta, man da ke cikinsa na fita.

Bayan allon ya nuna an kai lamba, jira minti 20 zuwa 30 kafin ka kunna sukuru, zafin ya ratsa ƙarfen. Sannan ka cusa wayar awo cikin robar da ke fitowa. Sau da yawa za ka tarar ta fi abin da allon ke nunawa, domin gugar sukuru ita ma zafi take haifarwa. Lambar da ke cikin robar ita ce gaskiya, ita za ka rubuta.

Sai lokaci. Jefa ɓarɓashi mai wani launi a mazurari ka duba agogo har ya ɓullo a baki. Ina so ya fito ƙasa da minti 5. Roba ba zafi kaɗai ke cinye ta ba, zafi ne da daɗewa. Minti 20 a 190 na iya yi mata ɓarnar da minti 3 a 210 bai yi ba.

Ka koyi karanta abin da ke fitowa. PP idan ta sha wuya tsinkewa take, ta yi ruwa-ruwa tana ɗiga kamar koko marar kauri, domin zaruruwanta sun gajarce. HDPE akasin haka, takan yi kauri ta yi gudaji. Saboda haka idan yaronka ya ce, "Oga, yau tana gudu da kyau," je ka duba da kanka. Gudun da ya yi yawa ba alheri ba ne.

Gargaɗi kan ɗaukewar wuta: sukuru ya tsaya, amma ƙarfen na nan da zafinsa, abin da ke ciki na ta dahuwa. Idan janareta bai tashi cikin minti 10 ba, ɗauka wannan cikin ya tafi. Da wuta ta dawo, bar hita ta sake narkar da shi sarai kafin ka taɓa sukuru, in ba haka ba ka karya shi. Tura tsabtatacciyar leda ta wanke cikin, abin da ya fara fitowa a ware, kada ya shiga mol. Kuma kowa ya kauce daga gaban bakin injin a wannan lokaci, iskar da ta taru a ciki tana iya feso narkakkiyar roba. In ta zuba wa mutum, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai gudu na minti 20, kada a ɓamɓare, a wuce asibiti.

7. Matsawa da hucewa

Nan nake so ka zauna da kyau.

Duk wanda ya taɓa narka man kaɗanya ya san halinsa. Ka bar shi ya huce a hankali, sai ya yi tsaki-tsaki. Ka sanyaya shi da sauri, ya fito sumul. Haka PP take. A narke zaruruwanta a cakuɗe suke. Tana saukowa wajen digiri 120 zuwa 110 sai su fara jeruwa suna naɗewa, suna yin ƙulli-ƙulli masu tauri, abin da masana ke kira kiristal. Ba duka ke jeruwa ba, kusan rabi ne, sauran su tsaya a cakuɗe a tsakani. Ɓangaren da ya jeru shi ke ba da tauri da juriyar zafi. Wanda bai jeru ba shi ke ba da lanƙwasa. Garin taya ba ya shiga wannan layi, cin wuri kawai yake yi, shi ya sa haɗin ke saurin yin laushi a zafi fiye da PP zalla, ko da yake zafin narkewar bai sauya sosai ba.

Ka sanyaya da gaggawa, zaruruwan fatar waje ba su samu lokacin jeruwa ba, sun daskare a inda suke, cikin kuma yana nan da zafi. Kaya za su yi kyau a ido. Amma bashi ne. Baƙin tayil a tsakar rana yana haura digiri 60, kuma wannan ɗumin ya isa zaruruwan su ci gaba da jeruwar da aka katse musu. Jeruwa tsukewa ce. Saman da rana ke duka ya tsuke, ƙasan bai tsuke ba, sai gefe ya ɗaga. Abin da ya sami tayil ɗin Baba ke nan.

Ka bar shi ya huce a hankali ƙwarai, misali ya kwana a mol mai zafi, ƙullin su yi manya. Kaya su yi tauri, su jure zafi, amma su yi gautsi, domin iyakar da ke tsakanin manyan ƙulli ba ta da ƙwari. PP da ma can tana ƙara gautsi yayin da sanyi ke matsowa kusa da sifili, kuma daren Disamba da Janairu a Jos yakan sauko kusa da digiri 10. Da safe a yar da kaya daga bayan mota, ka ji ƙas.

Abin da ake nema ƙulli ƙanana masu yawa. Hanyarsa:

Ɗumama mol zuwa digiri 40 zuwa 60 kafin a zuba na farko. Da hunturu mol ɗin da ya kwana ƙanƙara ne, tayil ukun farko ba za su yi daidai da na rana ba idan ba a ɗumama ba.

Yanko curin narkakkiyar roba a auna a sikeli, a sa tsakiyar mol, a matse nan take. Duk daƙiƙar da ya yi a iska fata yake yi, fatar kuma ita ce layin da za ka gani a fuskar tayil.

Bar shi a matse har fuskarsa ta sauko ƙasa da digiri 80. Kada ka saki matsin da wuri, domin yana tsukewa, kuma in babu matsi rami zai buɗe a tsakiya.

Lokacin hucewa ba ya tafiya daidai da kauri. Ka ninka kauri biyu, lokaci ya ninka huɗu. A wurinmu mai milimita 10 yana cin minti 3 zuwa 4, mai milimita 20 kuma sai ya kai 13 zuwa 15. Mutane da yawa nan suke faɗawa, sun saba da siriri sai su ba kakkauran minti 7.

Sama da ƙasan mol su zama zafi ɗaya. Idan ruwa kake zagayawa da shi, ya bi duka biyun, kuma ka auna ruwan. Na rijiya a Janairu da na tanki a Maris ba ɗaya ba ne. Surka shi da ɗumi idan ya yi sanyi da yawa.

Hodar talk ɗin nan da muka zuba, aikinta a nan yake. Kowace ƙwayarta wurin farawa ce, sai ƙulli su tashi a wurare da yawa lokaci guda, babu wanda ya samu filin yin girma. Tana kuma sa jeruwar ta fara tun robar na da sauran zafi, lokacin zama a mol ya ɗan ragu.

Gargaɗi ga mai sassaƙa mol: PP na tsukewa da kashi 1 zuwa 2 da ɗoriya cikin ɗari. Mol mai milimita 300, a kashi 1.5, zai ba ka tayil da ya gaza da milimita 4.5. Matsa gwaji da haɗinka ka auna kafin ka ba da a yanka maka mol goma.

8. Kwanciyar kwana biyu

An ciro ba an gama ba. Jeruwar na ci gaba a hankali har awa 24 zuwa 48. Jera kayan a kan shimfiɗaɗɗen wuri a inuwa, a ɗora faranti mai nauyi a sama. Kada a jingina su da bango, kada a tara masu zafi ashirin a kan juna, na tsakiya zai huce daban da na gefe. Ba a awo, ba a kai wa mai kaya, sai bayan kwana biyu.

Kayan da za su zauna a rana ko kusa da inji, ina gasa su: digiri 100 zuwa 110 na awa 1 zuwa 2, tsakanin faranti biyu, su huce a cikin tandar. Wannan na sa su gama tsukewarsu a hannunka. Yana cin wuta, don haka ba kowane aiki ba. Na HDPE kuma kada ya wuce 90 zuwa 100.

9. Gwaje-gwajen rumfa

Daga kowane sabon haɗi yanki sanduna masu tsawon santimita 15, faɗi 2, ka rubuta musu lamba.

Tafasa. Auna tsawo, ka dafa a ruwa minti 30, ya huce, ka sake aunawa. Ya tsuke fiye da kashi 1 cikin ɗari ko ya karkace, an sanyaya shi da gaggawa. Ka tuna Jos na saman tudu, kusan mita 1,200, ruwa a wajen digiri 96 yake tafasa a nan. Idan kana kwatanta sakamako da wani a Legas, nasa ya fi naka zafi.

Lotsawa. Ɗora sanda a kan ƙarafa biyu, ka rataya nauyi ɗaya kullum a tsakiya, a tanda mai digiri 80 na awa ɗaya. Auna yadda ya lotsa. Da wannan za ka ga abin da ƙarin taya ke yi wa kaya ƙuru-ƙuru.

Tsufa. Bar sanduna a tanda a digiri 120, kullum ka ciro ɗaya ya huce ka lanƙwasa. Rubuta ranar da ya fara karyewa maimakon lanƙwasuwa. Yi da mai magani da marar magani gefe da gefe sau ɗaya, ba za ka sake jin tsadar giram 40 ɗin nan ba.

Sanyi. Ya kwana a firiza, da safe ka saki ƙarfe mai kilo 1 a kansa daga tsayin mita 1. Fari-fari a wurin dukan ba laifi. Tsagewa laifi ce: ko ƙwayar taya ta yi girma, ko mahaɗi ya yi kaɗan, ko hucewa ta yi jinkiri.

Maimaici. Niƙa abin da ya fito ka sake narkawa har sau uku, kana kwatanta gudunsa. Da shi za ka san yawan rarar, wato ragowar kayan da aka sake niƙawa, da za ka iya mayarwa. Ni ba na wuce kashi ɗaya cikin biyar na rara a sabon haɗi.

10. Idan aikin babba ne, kai ɗakin gwaji

Kwangilar da ta kai a rubuta takarda ta cancanci gwaji biyu a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Ɗan ƙwalli suke bukata, miligiram 5 zuwa 10.

Na farko DSC, inda ake auna zafin da samfurin ke sha yayin da yake narkewa. Ka ce a ɗumama, a sanyaya, a sake ɗumamawa, digiri 10 a minti. Zagayen farko yana nuna yadda kai ka sanyaya, na biyu yana nuna halin robar kanta. Ka ga tudu biyu a zanen sakamakon, ɗaya wajen 130 ɗaya wajen 163, HDPE ta shiga maka. Za su ba ka wata lamba ta zafin narkewa a kowane giram. PP da ta jeru ɗari bisa ɗari ana lissafa ta a 207. A ce sun ba ka 75, kuma PP kashi 80 ce a haɗinka: 0.8 sau 207 ya ba da 165.6, ka raba 75 da shi, ka samu kashi 45 cikin ɗari na PP ɗin ya jeru. Kuskuren da ake yi shi ne mantawa da 0.8 ɗin, sai a raba da 207 kai tsaye a samu 36, mutum ya shiga gyaran abin da bai lalace ba.

Na biyu TGA, inda ake ƙona samfurin ana auna nauyinsa. Abin da ya tafi kafin digiri 300 laima ce da mai. Robar da tayar suna tafiya tsakanin 350 zuwa 480. Abin da ya rage baƙin kabon ne da toka. Toka mai yawa na nufin an sayar maka da ƙasa ko hodar kalsiyam a kuɗin roba.

11. Lissafin kuɗi

Farashin tsohuwar roba na motsi kowane mako, don haka tsarin lissafin zan ba ka. Kuɗin da ka biya a sikelin ɗan jari bola ba shi ne kuɗin robarka ba. A ce ka sayi kilo 100, bayan tantancewa da wanki da shanya 80 suka rage, to kowane kilo ya tashi da kashi ɗaya cikin huɗu sama da yadda ka saya. Auna wannan asarar ga kowane mai kawo maka kaya, za ka ga wanda ya fi arha a baki ba lallai shi ne mai arha ba.

Ƙara kuɗin garin taya bayan tankaɗe, mahaɗi, magani da talk. Wuta kuma, haɗa kilowat ɗin mota da na hita ka ninka da awannin aiki, har da rabin awar ɗumamawa da ba ta fitar da komai. Ranar janareta lissafinta daban, rubuta litar dizal da adadin tayil ɗin da suka fito. Sai ladan yara, ruwa, omo, haya, da kaso na kayan da za su faɗi gwaji.

Abin da aka fi mantawa shi ne mol. Tunda kakkauran tayil na zaune minti 15, mol ɗaya huɗu kawai zai ba ka a awa, injin narkawa kuma na ta jira robar na dahuwa a cikinsa. Maganin wannan ƙarin mol ne. Da uku ko huɗu ana juyawa, injin ba ya tsayawa, kowane tayil kuma ya samu cikakken lokacinsa. Sa kuɗinsu a jarin farko.

A jikin kowane buhun kaya da zai fita, rubuta da maka: ranar aiki, lambar haɗi, zafin robar a baki, zafin mol, da mintin matsi. Ka ajiye tayil ɗaya daga kowane zubi a kan rufin rumfa, rana da ruwa su yi ta dukansa, ka riƙa hawa kana dubawa duk ƙarshen wata.